Laraba, Ƙarfe Tara

Ran Litinin aka manna shi a allo,
takarda huɗu, ɗaya ta lanƙwashe.
Muka taru kamar masu jiran rabon taki,
kowa na bin darasinsa da ɗan yatsa.
Dokar Shaida: Laraba, ƙarfe tara.
Na sauko ƙasa kaɗan, gabana ya faɗi.
Dokar Filaye, wadda ta kayar da ni bara:
Laraba, ƙarfe tara.

Ni Babayo, shekara goma sha bakwai
ina ɗaukar fayil a kotu a Darazo
kafin in ce bari in zauna inda lauyoyi ke zama.
Na ga an raba gado, an raba gona,
an raba akuya har da igiyarta.
Ban ga an tsaga mutum biyu ba,
rabi Zaure na Ɗaya, rabi Zaure na Uku.
A nan Misau za a fara.

Na buɗe littafin ƙa'idoji mai koren bango,
wanda muka sa wa hannu ba mu karanta ba.
Makara da minti talatin, ƙofa ta rufe.
Ba kati, ba rasit, koma gida.
Waya haramun, rubutu a tafin hannu kora.
Ciwo sai da takardar likita,
rasuwa ma sai da takarda.
Can shafi na ashirin da bakwai, da ƙananan baƙaƙe:
wanda darussa biyu suka yi masa karo
yana da kwana uku ya kai ƙara.

Na rubuta, kwafi uku,
na jera hujja yadda suka koya mana:
doka ba ta ɗora wa mutum abin da ba ya yiwuwa.
Dokta Asabe ta karanta a tsaye,
tabarau a kan karan hanci.
Ta ce, "Ɗalibi ɗari shida, zaure uku, janareto ɗaya.
Juma'a rabin yini, Lahadi ta masu coci.
In na matsa Filaye, 'yan aji huɗu su taso mini.
Jadawali zanen aro ne, Babayo,
ba ya rufe katara."

Hukunci ya fito da jan biro:
Shaida da tara, Filaye da biyu,
tsakaninsu a tsare ni, kar in ga kowa.
Ni da na sha rubuta "a tsare shi" a kundin kotu,
ga ni a ɗakin karyayyun kujeru,
Malam Jauro ne gandiroba na.
Ya sa wayata a aljihu,
ya raka ni bayi, ya tsaya yana kallon sama.
Ya ja mu Azahar, sahu na mutum ɗaya.
Ya kwance ƙullin gyaɗa ya zuba mini rabi,
ya yi shiru, ya yi gyaran murya, ya fara.

Yana da gona a bakin kogi.
Ɗan baffansa ya tura iyaka taku bakwai,
ya wuce aduwar da kakansu ya sa shaida.
Ba takarda, sai tsofaffi biyu da suka rage.
Na ce, "An hana ni magana da ɗalibi,
ba a hana ni da manomi ba."
Na zana gonar da ɓawon gyaɗa a kan benci.
Wa ya share ta? Wa ya noma? Tun yaushe?
Abin da na hardace bara bai zauna ba,
yau ya zauna a gindin aduwa.

Biyu saura biyar ya kai ni har ƙofa,
ya miƙa ni hannu da hannu.
Tambaya ta uku ta yi kama da gonarsa,
ta huɗu ban san inda ta dosa ba.

Sakamako sai majalisa ta zauna,
ƙa'ida ta ce mako shida, mun san abin da take nufi.
Jauro ya ce in zo ran Asabar in ga aduwar da idona.
Na duba jadawali, babu karo.
Na ce masa ƙarfe tara.